Kaf ne, Inna, ba ƙaf ba

Shekarata ta biyu ina karatun Larabci a Riyad, yayata ta haihu a wani ƙaramin asibiti a unguwar Malaz. Yaron ya zo da shawara, idanunsa kamar an ɗiga musu ruwan kurkum. Likita ya ce sai ya yi kwana uku ƙarƙashin fitila.

Innarmu ta zo daga gida don wankan jego. Ba ta jin Larabcin titi, amma ta yi allo, ba a ɓoye mata harafi. Da wata nas ta shigo ɗaukar yaron, doguwar Baturiya mai sanyin murya, Inna ta karanta katin da ke ƙirjinta, ta fizge jikanta.

“A'uzu billahi! Ƙarina? Aljanar da ke bin jarirai ce za ku miƙa wa yaro? Ku naɗe kaya, gida za mu.”

“Haba Inna, mutum ce fa,” in ji yayata.

“Ke da ɗinki bai warke ba, yi min shiru.”

Har ta fara laluben zanen goyo. Ni da ban saba musu da manya ba, na bi matar zuwa baranda, na tambaye ta sunanta da Turanci. Ta ce Krina. Na ce ta maimaita, na kasa kunne. Babu harafin ƙaf a ciki ko kaɗan. Magatakardan asibitin ne ya rubuta abin da kunnensa ya saba ji.

'Yar Romaniya ce. Ta ce da harshensu krin wani farin fure ne mai dogon wuya da ƙamshi, wanda Larabawa ke kira zanbaƙ, ita kalmar krin kuma daga Girkanci ta gangaro wa mutanen Romaniya. Kakarta ce ta zaɓa mata, don an haife ta lokacin da ya buɗe a bakin rijiyarsu. Akwai ma wata Lahadi a shekara da ake taya duk mai sunan fure murna. Ina sauraro ina hango rijiyar, kaɗan ya rage in manta abin da ya fito da ni.

Na koma na durƙusa gaban Inna, na rubuta haruffan biyu a tafina.

“Inna, kaf da ƙaf ɗaya ne?”

“Yau kuma ni za ki koya wa baƙi?”

“Wane ni. Amma nata da kaf ne. Sunan fure ne.”

Na nuna mata hotonsa a wayar matar da na aro. Ta daɗe tana kallo, ta kai wayar kusa da hanci kamar za ta shinshina.

“To wane jahili ne ya rubuta mata wannan? Allah ya isar mata.”

Da hannunta ta miƙa wa nas ɗin yaron. Ya yi kwana ukunsa cif, ranar suna kuwa idanunsa fari tas.