Damin Irin da ke Saman Murhun Iya

Ɗakin kakata Iya a Rawayau ba ya rabuwa da hayaƙi. Ko da bazara, mutum na neman inda zai sa ransa don zafi, da an idar da sallar isha sai ta tura kirare cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta muna tari muna share hawaye. Ba sanyi take ji ba. A saman murhun, jikin jinka, damin irin gidanmu ke rataye, zangarniyar geron da ita da kanta ta tsince da kaka, ta zaɓi masu ƙiba. Hayaƙin ne ke hana ƙwari ci. Mu dai tatsuniya ke kai mu.

Wata shekara, Turawa ba su kai ga tafiya ba, Baba ya shiga shari'a da ɗan baffansa a kan wata 'yar fadama. Dattawan da suka san iyaka duk sun gaya masa ba tasa ba ce, shi ma ya sani. Amma duk ranar zama sai ya kwashi 'yan rakiya zuwa gaban alƙali a Dutsin-Ma, ya ciyar da su. Rumbu ya tafi a haka, awaki suka bi. Sai ya fara leƙa ɗakin Iya yana ɗaga kai sama.

Iya ta gani. To amma Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa. In ambatonsa ya kama, sai ta ce "mutumin zaure."

Ran nan tana jin ya shimfiɗa buzunsa a bayan danga, ta ɗaga murya.

"Ku matso, marasa kunya. Ga ta nan tafe, amma ta yau babu kura babu dila, kuma ɗaci gare ta."

"Ko maɗaci ce mu sha, Iya!"

Ta ce an yi wani gari mai ganuwa, abokan gaba suka kewaye shi tun kaka har bazara. Suka aika wa Sarkin Yaƙin garin cewa ya buɗe ƙofa ya yi mubaya'a, ba za a taɓa kowa ba. Ya hau ganuwa ya duba, ya san babu gudummawar da ke tafe, ya yanke a ransa zai buɗe. Abu guda ya tsaya masa. Abinci ya ƙare, amma iri na nan rataye a ɗakunan mata. In ya buɗe haka, za a ce ya ba da gari da hatsi a ciki.

Sai ya tura dakaru gida gida su sauko da irin. Wata tsohuwa ta rungume nata ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba abinci ba ne, baɗi ce." Aka ɓamɓare hannunta. Aka daka, dakaru suka sha fura, dawakai suka ci dusa. Da ya ƙare tas, ya naɗa farin rawani, ya buɗe ƙofa, ya ce, "Ku shaida, ban saki garin nan ba sai da ƙwaya ta ƙare." Abokan gaba suka yaba masa, suka bar shi da sarautarsa. Ba a kashe ko kaza ba.

"Sannan ruwa ya sauka," in ji Iya. "Mata suka fita gona, ga sungumi ga ƙwarya, babu abin zubawa a rami. Garin da mashi bai ci ba, damina ta cinye shi."

Na ce, "To Iya, da kada ya buɗe ke nan?"

"Ke, kanki kamar tulu! Ƙofa don buɗewa aka yi ta. Wanda aka fi ƙarfi ya buɗe, ba abin kunya ba ne. Shi wannan ya san zai buɗe, ya tsaya ya cinye ɗiyan mutane tukuna, don maroƙa su sami abin faɗa."

Ba ta rufe da ƙurunƙus ba. Muka ji tari a bayan danga, muka ji an ja buzu.

Da safe Baba ya shigo, ya taka turmi, ya yanke igiyar damin. Iya ta juya fuskarta ga bango.

Shari'a ta kayar da shi, yadda kowa ya faɗa. A kasuwar Kurfi maza na cewa, "Namiji ne, bai saki ba sai da ya ga ƙarshe." Ruwa ya sauka. Innarmu ta bi gidaje da ƙwarya tana roƙon iri, ta samo tarkace, muka yi shuka bayan geron mutane ya kai gwiwa. Tafasa da rama muka ci a shekarar. Ƙanwata Hansatu, da ba a daɗe da yaye ta ba, ba ta ga kaka ba.

Na daɗe ina fushi da Baba, Allah ya jiƙansa, kuma ban huce ba. Sai da na yi furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci, na fara karanta labaran yaƙe-yaƙe da kaina. Duk inda na duba, jarumtar wane ake yabo, da daɗewar da ya yi bai miƙa wuya ba. Ban ga inda aka tambayi wa ya yi shuka bayan an buɗe ƙofa ba. A nan na gane fushina bai tsaya kan Baba ba. Har da kunyar da ta ɗaure bakin Iya. Mace ta san abin da zai faru sarai, abinta ne, a ɗakinta yake, amma sai ta zagaya ta bayan danga da tatsuniya, wai don kada a ce ta yi wa ɗan fari magana.

Ɗan farina sunansa Lawal. Lawal. Ina kiransa a gaban kowa, mata na rufe baki suna cewa ba ni da ta ido. Su ce. Ranar da ya shigo ɗakina ya ɗaga kai ya dubi jinka, ban ba shi tatsuniya ba.