Keken da Ya Ci Jakin Babana

Bakina ne ya jawo abin, ba wanda ya aike ni. A shekarar da Nasara suka miƙa mulki ban fi shekara ashirin ba. Sau ɗaya tak na yi cin rani a Maraɗi, ina dakon buhunan gyaɗa a bakin sikeli, amma na koma ƙauyenmu, can kudu da Gangara, ina hura hanci kamar na zagaye duniya. Duk abin da aka ambata a dandali ni na san shi. Ranar da aka zo kan zancen keke na ce ai ni har sakin hannu nake yi daga kasuwa zuwa tasha. Ba wanda zai ƙaryata ni, don a garin ba mai keke kuma ba wanda ya iya hawa. Gaskiyar maganar ita ce sau ɗaya na taɓa riƙe keke a rayuwata, shi ma mai shi ne ya ce in riƙe masa zai shiga kanti.

Babana yana da gyambo a ƙaurinsa na hagu. Daga sarar gatari ya fara, ya ƙi warkewa. An yi saiwoyi, an yi tofi, abin sai ci yake. A lokacin akwai wani malamin likita da yake zuwa Gazawa da mota ranar kasuwa, ya kafa tebur a gindin bishiya, ya wanke miki ya yi allura, azahar na yi ya kwashe kayansa ya ƙara gaba. Ya ce wa Baba sati shida a jere zai zo, kada ya tsallake ko ɗaya, in ba haka ba sai dai Maraɗi. Kowa ya san abin da ake yi wa irin wannan ƙafa a Maraɗi. Baba yakan fita tun asuba a kan jakinsa, ƙafar tana reto tana kumbura, ya dawo da magariba a jigace. Sau biyu ya yi wannan tafiya.

Bayan ta biyun ya kira ni zaure. Maƙwabcinmu, wani tsohon tela, yana zaune gefensa.

"An ce ka iya keke," in ji Baba.

Na dubi tela, shi ma ni yake kallo. Yana cikin waɗanda na cika wa kunne a dandali.

"Awo, Baba."

"Har da goyo?"

"Har da goyo."

Ranar kasuwar Gangara Baba ya sayar da jakin ga wani Bafillace. Ban san zai yi ba sai da na ga igiyar a hannunsa ba dabba. Ya miƙo mini kuɗin a ƙulle cikin tsumma, ya ce in samo mana keke ko tsoho ne, mai ƙarfin ɗaukar mutum biyu. Na karɓa da hannu biyu, har da cewa an gama.

Tela ne ya tsara mini tafiyar. A wajenmu kuɗin jaki ba ya sayen keke, amma a kasuwar tsallaken iyaka akwai tsofaffin kekuna na ma'aikata da araha. Yadda ake yi shi ne ka tafi a ƙasa cikin 'yan kasuwa, ka dawo a kan keke kamar da shi ka fita da safe. Ya shiga ɗaki ya kwanto mini lambar da ake ɗaura wa kekunan ƙasarmu, daga jikin mataccen keken ɗansa da ya tafi Kurmi neman kuɗi.

"Ka ɗaura wagga bisa kan keken," ya ce. "Kak ka bi ta daji, in gardi mai sintirin iyaka ya gamu da kai can ba ka da magana. Ka bi ta gaban duwan, ma'aikacin kwastan. Tun da anka ɗaga sabuwar tuta an kawo wani, ba shi da wasa. Wanda ya zo bisa keke shi wuce, wanda ya zo yana ja shi tsaya. Kai tunda ka iya, mi ag gare ka?"

Kasuwar ta ci ana gobe ranar allurar Baba. Na tarar da kekuna a jere gindin wata tsamiya, sun fi ashirin. Ban san abin da ake dubawa ba, sai na shiga yin abin da na ga wasu na yi: in danna ƙararrawa, in matsa taya, in ɓata fuska. Idona ya tsaya kan wani kore mai sheƙi, an naɗe shi da zare ja da rawaya. Ina cikin shafa shi sai wani dattijo mai gyaran keke, yatsunsa baƙi ƙirin da mai, ya yafito ni.

"Samari, guji mai sabon fenti," ya ce a hankali. "Karaya ake ɓoyewa."

Ya jawo wani baƙi daga bayan rumfarsa, mummuna, fentin duk ya kwaile, sirdin an ɗinke shi da fatar akuya. Ya ce na wani masinjan kotu ne da ya bar aiki. Ya ɗaga gaban ya juya tayar, ta yi ta juyawa ba kwarkwasa. Ya nuna mini ƙarfen kariyar baya, mai kauri kamar ɗan yatsa, ya ce ko buhun gero biyu na ɗora ba zai ce uffan ba. Munin nan shi ya karya masa farashi. Muka yi ta ja, ina tayawa yana albarka, har ya sallama a kan abin da ke cikin tsummana.

"To hau ka gwada," ya ce.

Na ce ai na yarda da shi, ba sai na gwada ba. Ya dubi yadda na rungumi kan keken kamar mai riƙon ɗan maraƙi, ya dubi fuskata.

"Ba ka iya ba."

Na taso masa da faɗa, na ce shi wa ya san ni. Ya ci gaba da goge hannunsa. Faɗan ya mutu a bakina, na sunkuyar da kai na gaya masa komai, har da jakin.

Allah ya saka wa dattijon nan da alheri. Ya bar rumfarsa ya kai ni wani fili bayan kasuwa, ya riƙe kariyar yana bina da gudu har tari ya sarƙe shi. Na faɗi har na daina ƙirgawa. Gwiwata ta fashe, tafin hannuna ya saɓule, wandona ya yage. Wajen la'asar na kai inda zan yi taki goma in an tura ni, amma ban iya tashi da kaina sosai ba, ban iya karya kwana ba. Kasuwa ta fara watsewa. Dattijon ya girgiza kai, ya tsuguna ya sace iskar tayar baya.

"Ka ce ƙaya ta soke ka," ya ce. "Mai faci dole shi ja."

Rumfar duwan ta zana ce, a gindin gawo. Duk hanyar nan yashi ne inda kowa zai iya cewa ya sauka ne don tayar na nutsewa, amma shi ya zaɓi wani fako ja, tauri kamar daɓen ɗaki, nan ya kafa rumfarsa. Daga nesa na hango kekuna biyu jingine da bishiyar an zarge su da sarƙa ɗaya, da wani mutum zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Masu keke uku suka wuce ni, kowa ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa, duwan ɗin ko tashi bai yi ba. Da na iso ina ja sai ya miƙe. Saurayi ne, bai girme ni sosai ba, da gajeren wando na kaki, Hausarsa irin ta mutanen yamma.

"Keken wa?"

"Nawa ne, mushe," na ce, yadda ake kiran ma'aikaci da Faransanci.

"Don mi kake ja?"

"Ƙaya ta soke ni."

Ya zagaya keken a hankali. Ya ɗaga lambar da yatsa ya saki. Ya dubi gwiwata, jinin ya bushe ya kama wandon. Ya juya ya shiga rumfar. Na ɗauka takarda zai ɗauko, sai ga shi ya fito da famfo. Ashe dabarar da muka ɗauka tamu ce, ya gan ta ya gaji.

Da kansa ya tsuguna ya shiga buga iska. Ina tsaye ina riƙe da keken, ina jin tayar tana tashi a hannuna, ina roƙon Allah a zuci ya sa a samu huji ko da ƙarami ne. Ya gama ya tofa yawu a bakin tayar, ya kara kunne ya saurara. Ya jira. Mutumin nan na ƙasa ya ɗago kai yana kallonmu.

"Ba ta huje ba," in ji duwan. "Ka yi sa'a. Hau ka tahi."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. In na faɗi a gabansa, keken zai shiga sarƙar nan, in koma gida ba jaki ba keke, gobe kuma ranar allura. Na gyara fedar kamar yadda dattijo ya nuna mini, na yi bismillah, na taka da ƙarfin da nake da shi. Kan keken ya yi dama ya yi hagu, na ga ƙasa ta taso mini, na fizgo shi. Abin da ya cece ni, fakon yana da gangare zuwa arewa. Ƙafafuna suka zame daga feda, na bar su a buɗe, gangaren ya kwashe ni. Na ji wata murya a baya, ban san ko kira ba ne ko dariya, ba ni da halin waiwaye. Can gaba hanya ta karkata bayan wasu kalgo. Hanyar ta karkata, ni kuwa na miƙe, sai cikin shingen ƙaya na wata gonar wake. Na kwanta a nan ina sauraron takun takalmi, ba wanda ya zo. Har yau ban sani ba ko ya yarda ne ko ya ga dama ne ya ƙyale ni.

Da magariba na shigo gari ina ja, na ce gajiya ce. Na ce kare ne ya gitta mini na faɗi. Baba ya fito yana ɗingishi, ya shafa sirdin, ya danna kariyar da tafin hannu, ya ce Allah ya yi mini albarka. Sau biyu na buɗe baki zan gaya masa. Na farko Inna ta shigo da tuwo, na biyu ba wanda ya shigo, ni ne na kasa.

Washegari Baba bai yi sammako ba. Ya ce tunda keke ne ba sai mun yi asubanci ba, ya zauna ya sha kununsa har rana ta ɗaga. Ya sa farar rigarsa. Inna ta ninke zane ta shimfiɗa a kan kariyar. Tela ya fito, maƙwabta suka taru a ƙofar gida. Na riƙe keken, Baba ya zauna, ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafar mai ciwo ya gyara mata wuri, sannan ya kama rigata ta baya. Na ɗora ƙafa a kan feda. Da na duba ƙasa sai na ga ƙaurin nan a naɗe da tsumma, ruwan mikin ya ɓullo ta sama, yana gefen hagu. Duk faɗuwar da na yi jiya ta hagu na yi ta.

Na sauke ƙafata.

"Baba, ban iya ba."

"Mi ka ce?"

"Ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Ƙarya ce na yi."

Na ji hannunsa ya saki rigata. Inna ce ta fara magana, ta ce jakunan gari duk sun tafi kasuwa tun asuba, ko ɗaya ba a bari ba. Tela ya juya ya shige gidansa. Baba bai sauka ba, bai ɗaga murya ba.

"Tura," ya ce.

Na mayar da shi kan sirdi, na kama kan keken da hannu ɗaya, kariya da ɗaya, na tura. Wanda bai taɓa tura babban mutum a kan keke cikin yashi ba bai san wahala ba. Tayar tana nutsewa, keken yana rinjaya, ina tare shi da ƙugu don kada nauyin ya koma kan ƙafar. Inda yashin ya yi zurfi Baba ya sauka ya dafa kafaɗata, mu yi ɗingishi tare, in koma in jawo keken. Zafin kaka ya sauko mana. Ina duban inuwarmu tana gajarta, ina ƙara ƙarfi, hannuna da ya saɓule yana zubar da jini a kan ƙarfen. Da muka fara haɗuwa da mutanen da suka ci kasuwa suna komawa gida, na san abin da za mu tarar.

Mun isa Gazawa bayan la'asar. A gindin bishiyar ba tebur, sai sawun tayar mota da wata mai fura tana haɗa ƙorenta. Ta ce malamin likita ya tashi tun azahar, har ya tambayi tsohon nan mai ƙauri.

Baba ya ce in sauke shi. Ya zauna a ƙasa ya miƙe ƙafar, ya shiga warware tsumman da kansa, inda ya manne yana ja a hankali. Wata da watanni muna gida ɗaya da mikin nan ban taɓa tsayawa na kalle shi ba, kullum Inna ke wankewa.

"Zo nan," ya ce. "Duba da kyau."

Na durƙusa na duba. Ya kai faɗin tafin hannuna, gefensa ya yi baƙi, a tsakiya akwai wani abu fari da na gane ƙashi ne. Na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, a gaban mai fura da kowa. Ya miƙo mini gorar ruwa ya ce in wanke, kuka ba ya korar ƙuda.

Sauran allurar duk an yi masa, ba mu sake makara ba, amma mikin bai tsaya ba. Malamin likita ya ce ba lallai sati ɗayan nan ne ya jawo ba, Baba ma haka yake gaya wa duk wanda ya tayar da zancen. Ni ban taɓa samun natsuwa da wannan magana ba. Kafin damina ta zagayo aka ce sai Maraɗi, can aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ni na goya shi zuwa Gazawa ya shiga mota. A lokacin na iya keken sosai, ko tangaɗi ban yi da shi ba.