Kyamarar da ta tona asirin hodar Gwaggo

Jama'a, yau kyamara ta haɗa ni faɗa da dangi!

Na je sayen ta bidiyo mai araha, ta 'yan koyo, saboda sunan ɗan yayata a Kusfa. Mai shago ya ce, "Malam, ɗauki HD, har gashin ido take nunawa." Na biya ina murna.

Maza ba sa shiga taron mata, sai na ba matata kyamarar ta ɗauko bidiyon. Can sai ga Gwaggo a zaure tana huci. Ashe ta ga kanta a bidiyon! Hoda ta tsaya a haɓa, wuya baƙi ƙirin!

Na ce, "Gwaggo, mai kyau ce fa."

Ta ce, "Kyan banza! Mayar musu, ka karɓo mai dishi-dishi, wadda ta san mutuncin manya."