Katin Inna Habiba

Cikin duk kwanakin da na yi ina koyarwa a ajin manyan mata na unguwar New Bell, wadda ba ta fita raina ita ce wata Alhamis ta damina, a shekarata ta biyu. Ɗalibaina 'yan kasuwa ne, bayan la'asar suke zuwa koyon karatu da rubutu. Lokacin sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har shugabar cibiyar, wadda muke kira directrice, ta ce mini, "Malama Rabi, in ba su dawo ba kafin ƙarshen wata, masu koyon ɗinki zan ba ɗakin."

Na lura ko wadda sunanta ke ba ta wahalar rubutawa ta iya ɗaukar hoto da waya. Sai na tura musu saƙon murya: "Ranar Alhamis babu allo. Kowa ta zo da wayarta cike da caji."

Ga yadda na tsara. Kowace mace ta zaɓi abu ɗaya a harabar cibiyar, ta siffanta shi a kati da jimla uku, kada ta faɗi sunansa. A cakuɗa katunan a raba wa ƙungiyoyi. Ƙungiya ta karanta, ta nemo abin, ta turo mini hotonsa.

Kai, ranar an sha gudu! Matan da suka aurar da 'ya'ya suna tsallake kwata, riƙe da bakin zani, wayata kuwa sai ƙara take. Wani kati ya ce, "Babba ne. Shuɗi ne. Yana waje." Aka turo mini ƙofa, da durom, da lemar mai gasa masara. Ana cikin gardama mai katin ta dafe kai ta ce, "Wallahi laifina ne, ban ce yana yoyo ba!" Ashe durom ɗin take nufi.

Kati ɗaya ne ya gagara, na Inna Habiba, dattijuwa mai sayar da yaji a Kasuwar Dakar, wadda ban taɓa ganin ta cika layi ɗaya ba. Ƙungiyar Yaya Asabe, wadda katin ya faɗa hannunta, ta zagaye harabar sau uku. Can sai suka tsaya cak, suka juyo, suka nufo ni da wayoyi a sama suna shewa.

"Malama, kada ki motsa!"

Asabe ta karanta katin da ƙarfi: "Takalminta ya cinye ta gefe ɗaya. In mun yi kuskure tana cizon leɓe amma ba ta dariya. Ko ruwa ya cika hanya tana zuwa."

Na ce, "Inna, ai abu na ce a siffanta."

Ta ce, "'Yata, duk gidan nan ke na fi kallo."

Mako na gaba sai da muka aro benci biyu. Directrice ba ta ƙara tayar da zancen ɗakin ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani babbar mace ba ta zuwa aji da kai wayam. Ta yi shekaru tana karantar fuskar masu saye, hanyar sauke abin a takarda kawai ta rasa. Kuma kuna duba littattafansu, su ku suke dubawa. Ni dai Asabar ɗin da ta biyo baya na kai takalmina wurin mai gyara.