Doki Biyu a Ƙasa, Doki Ɗaya a Sama

Ni mutum ne mai baki a kan sana'ata. Na daɗe ina gyaran firiji da haɗa iyakwandishan a Sabon Gari, kuma duk wanda ya taɓa kira na aiki ya san ba na tauna magana. Na taɓa gaya wa wani babban lakcara, a gaban matarsa, cewa abin da ya sayo ko banɗaki ba zai sanyaya ba. Sau ɗaya tak na haɗiye abin da na sani, kuma ƙanwata ce ta kwana a ciki.

Babban yayanmu mai gyaran wutar mota ne. A shekarun da wayar hannu ta fara yawa ya gina gareji mai bene a Samaru, ƙasa wurin aikinsa, sama kuma ɗaki guda dogo. A lokacin ne mijin ƙanwarmu ya rasu, ya bar ta da yara biyu. Dangin mijin suka ce ta koma ƙauye ta zauna a cikinsu, ta ce a ba ta shekara ɗaya ta gwada. Hannunta yana da sauri a kan kwamfuta, don haka ta sayar da babur ɗin marigayi ta sayi tsofaffin kwamfutoci uku da firinta, za ta riƙa buga wa ɗalibai furojet. Yaya ya ba ta ɗakin sama. Maganar a fili take: in aiki ya kama, ta zauna a Zariya yara su ci gaba da makaranta, in bai kama ba, sai ƙauye.

Yaya ya ce zai sa iyakwandishan sama da ƙasa, in zo in auna. Da gangan na je da ƙarfe biyu na rana, don mai auna ɗaki da safe kansa yake yaudara. Ƙasa bulo ne mai kauri, rufin kankare a bisa kai, taga ɗaya ƙarama, ga mangwaro ya yi mata inuwa. Sama kuwa kwano ne da silin kamar takarda, manyan tagogi biyu suna fuskantar yamma, ga kwamfutocin nan masu ƙaton baya, kowace tana huci kamar murhu, ban da ɗaliban da za su cika wurin. Matakalar kuma a ciki take, ba ƙofa, shi kuwa sanyi nauyi gare shi, gangarowa yake yi. A sana'armu da doki ake faɗin ƙarfin inji. Na yagi kwali na rubuta: sama doki biyu, ƙasa doki ɗaya. Ni da kaina na zaɓo su a Sabon Gari, 'yan Beljiyam, wato na hannu, irin masu rabi biyu ɗin nan, kai a ɗaki, inji a waje.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci muka taru a garejin, kayan suna shimfiɗe a ƙasa. Akwai abokan cinikin Yaya biyu a zaune. Ya zagaya, ya dafa babban, ya ce, "Wannan nan ƙasa za ka sa mini."

To, a gidanmu tun muna yara babba ne ke fara sa hannu a kwano, tsokar da ta fi girma tasa ce, ba a ma tattauna wannan. Bayan rasuwar Baba kuma Yaya ne ya kai ni koyon sana'a, shi ya tsaya mini har na yi aure. Ban taɓa yi mishi gyara a gaban baƙi ba. Na dubi ƙanwata, sai ta yi dariya ta ce ai babba na Yaya ne, ita ko fanka aka ba ta ta gode. Kwalin yana cikin aljihuna. Na ce to, na ɗauko tsani.

Na lallashi kaina da cewa zan sa ƙofa a matakala. Yaya ya ce a'a, yana so ya riƙa jin wanda ke hawa wurin ƙanwarsa. Nan ma na ce to.

Bazara ta shigo daidai lokacin da ɗalibai ke rububin gama furojet. Ƙaramin injin nan yana aiki tun safe ba hutu, ɗan sanyin da ya haɗa yana zirarewa ƙasa. Yaya har rigar sanyi yake sawa, yana tsokanar mutane wai in sun shigo wurinsa ba sa son fita. A sama kuwa ƙanwata tana bugu da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Da azahar ta gota sai kwamfuta ta ɗauke da kanta, a jira ta huce, a sake abin da aka buga.

Sau uku tana aiko mini. Abin da na yi a zuwan nan uku shi ne ya fi ci mini rai har yau. In wanke raga, in duba gas, in yi ta ƙwanƙwase-ƙwanƙwase, sannan in ce wuta ce ba ƙarfi, ko in ce kin san halin kayan Beljiyam. Ta kawo mini ruwan sanyi, ta yi mini sannu da wahala. Ƙarya nake yi mata, don faɗin gaskiya yana nufin in amsa cewa tun ranar farko na sani.

Ana saura mako ɗaya ɗalibai su miƙa aiki, babbar kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, da aikin mutane da yawa a cikinta. Na tarar da wata ɗaliba zaune a kan matakala tana kuka, ta riga ta zubar da rubutun hannunta tun da aka buga mata. Ƙanwata ta yi kwanaki a shagon wani tana sake buga na waɗanda ke da takardunsu, amma magana ta riga ta zaga. Ɗalibai kuwa in sun sa wa wuri suna, shi ke nan. Kafin damina ta sauka ɗakin ya huce da kansa, ba mai hawa. Da shekara ta cika dangin mijin suka aiko da mota.

Yaya ya ba wani mutumin kudu mai gyaran waya hayar ɗakin. Kwana uku mutumin ya yi ya sauko yana faɗa da turancin kasuwa, ya ce shi ba burodi ba ne da za a gasa shi. Yaya ya kira ni ya tambaya ko ana iya musanya injinan. Na ce ana yi. Ya tsaya yana kallona, sai na gaya mishi komai.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ni me na sani a kan iyakwandishan? Babba na gani na ɗauka. Kai aka kai koyo."

Da Kirsimeti na je ƙauyen. Na same ta tana sussukar dawa a tsakar gida, babban yaronta yana riƙe mata buhu, ya bar makaranta a zangon nan. Labari ya riga ni zuwa. Ta ba ni kujera, ta tambayi iyali, sannan ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya, musanyar nan, kwana nawa ta ɗauke ka?"

Na so in ƙara wa abin tsawo, in ce sai da aka sake bututu, aka fasa bango. Na kasa. Na ce na fara da hantsi, kafin ƙarfe ɗaya na gama.

Ta ce, "Ashe ba ta da wuya." Ta ce wa yaron ya buɗe bakin buhun da kyau, ta ci gaba da zuba dawa.