Tuwon Acca Mai Yashi

Shekarun baya kaɗan, ina ajin ƙarshe a jami'a a nan Jos, aka ba ni binciken kammala digiri a kan yadda mata ke sarrafa acca. Ni kuwa 'yar unguwar Kwararafa ce a cikin gari, iyakar sanina da acca in gan ta a kwano ta dahu. Sharaɗin malamina shi ne in zauna da mata manoma in ji daga bakinsu. Saura sati huɗu in kare aikin a gaban malamai, ban je wurin kowa ba. In na faɗi kuma sai na maimaita shekara.

Ƙawata ce ta nuna min manhajar AI a wayarta. Ta ce, "Ki riƙa tambayarta abin da ba ki gane ba, amma abeg, don Allah kar ki bar ta ta yi miki aikin." Na ji rabin farko, na watsar da na biyun. Cikin kwana biyu na haɗa babi guda, har da "matan da na tattauna da su sun ce". Ina tafe ina jin kaina kamar farfesa.

Ranar Asabar na bi ƙawata gidansu a Daɗin Kowa. Mahaifiyarta, wadda nake kira Mama, ta shekara talatin tana noman acca. Don neman yabo na karanta mata babin ina fassarawa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta auno acca ta miƙo min.

"To, gwana, ki dafa mana yadda takarda ya ce."

Takarda ta ce a wanke sau ɗaya a zuba a tukunya. Haka na yi, na tuƙa tuwo mai kyan gani. Baban ƙawata ya dawo daga coci wurin koyon waƙa, ya kai lomar farko, sai muka ji ƙaras! Bawan Allah ya daure ya haɗiye, ya ce, "Ya yi daɗi, 'yata," yana laluben kofin ruwa. Ƙawata kuwa har ƙasa ta kai don dariya.

Ashe da yashi ake surfa acca a turmi, sai an yi ta rairaya da ƙwarya biyu kafin ya fita. Mama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yarinya na, waɗanne mata ne suka gaya miki wannan? Ki faɗa min sunan ko ɗaya." Na sunkuyar da kai. Kunyar ranar ban taɓa jin irinta ba.

Washegari bayan sun taso daga coci Mama ta ɗauke ni a keke napep zuwa ƙauyensu. Sati biyu ina zarya. Na yi surfe har tafin hannuna ya yi kanta, tsofaffi suna min tsiya suna ba ni amsa. Manhajar ma ban yar da ita ba, ta taya ni tsara tambayoyi da gyara Turancina. Na kare aikin lafiya, malamina har ya ce babin da na sake rubutawa ne ya fi burge shi.

Har yau ina amfani da AI, sai dai duk abin da ta faɗa min nakan nemi wanda ya taɓa yi da hannunsa in tambaya.

Shafin godiya kam ni na rubuta da kaina, layi uku na gode wa Mama suka ci min awa guda. Da ƙawata ta karanta wa Mama da yarensu, sai ta yi tsaki ta ce, "Duk wannan don na hana ki kashe min miji?" Ta juya mana baya wai za ta duba tukunya, tana goge ido da bakin zane. Ko wuta ba a hura ba a murhun.