Ranar da Na Shayar da Injin Jirgi

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ban ga yadda zai kwashe ranar da na zauna a tsakiyar dam da jarka a kaina, mijina yana kwance a gabana tsakanin rai da mutuwa ba.

Mu mutanen tudu ne, a wani ƙauye ta wajen Ɗambatta. Gero da dawa da gyaɗa muka sani, ruwa kuwa sai na rijiya. Amma wasu gonakinmu suna hayin dam, kuma in damina ta yi kyau ruwa yakan shanye hanyar ƙafa har bayan kaka, sai an yi dogon zagaye. Shi ya sa mazan garin suka haɗa hannu suka sayo jirgin katako da inji irin wanda ake rataya masa a baya. Aka damƙa tuƙin a hannun ƙanin mijina, don shi ya yi acaba a birni, a ganinmu ba abin da bai sani ba na inji.

Gaskiya ya so injin nan. Kullum in an dawo sai ya ciro shi ya kai zaure ya lulluɓe da bargo. Da safe ya ɗaure shi jikin turke a ƙofar gida, ya tayar, ya yi ta ba shi wuta wai yana ɗumama shi, kamar yadda ake yi wa babur. Ni da yake abokin wasana ne nakan ce, "Direban ruwa, ko matarka ba ta samun wannan gatan." Ya ce, "Yaya, ita ai ba ta kai ni hayi." Ba wanda ya ga aibun ɗumama injin a cikinmu.

Ranar da abin ya faru mun haye roron wake, ni da Malam, wato maigidana, da shi ƙanin nasa. Rana ta ɗaga, Malam ya sa hannu zai janye wata harawa, sai na ji ya yi salati. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu. Kafin mu kai shi bakin ruwa ƙafar ta fara kumbura, da ya tofar da yawu kuma na ga jini. Kowa a karkararmu ya san abin da wannan ke nufi: in ba a kai mutum asibiti an yi masa allura da wuri ba, sai dai wani ikon Allah.

Muka kwantar da shi a jikin buhun wake, direba ya ja igiyar tayar da injin, ya murɗa wuta iyakar ƙarfinsa. Muna kaiwa tsakiya, inda sandar tura jirgi ba ta taɓa ƙasa, sai na ji ƙauri kamar an manta tukunya a wuta. Hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin murfin, injin ya yi tari, ya yi shiru. Aka ja igiya, aka sake ja, ko motsi. Ga ruwa gabas da yamma, ga iska tana mai da mu baya. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Can sai na hango wani abu yana nufo mu, kai da hannuwa kawai a saman ruwa. Wani dattijo ne masunci, kwance rub da ciki a kan ƙaton goran kamun kifi. Na san shi a kasuwa yana sayar da bandar kifi. An ce iyayensa daga Borno suka zo, shi ma ya yi ƙuruciyarsa a jiragen tafkin Chadi. Ashe hayaƙin ya gani. Ya kama gefen jirgin ya hau, ya dubi ƙafar Malam, ya wuce wajen injin.

Ni kuwa na riga na ɗebo ruwa a ƙwarya zan sheƙa wa injin. Ya riƙe mini hannu. "Kul, 'yata! Kika zuba masa yanzu tsagewa zai yi, mu kwana nan. Bari ya huce."

Na ce, "Baba, mijina mutuwa zai yi!"

Ya ce, "Na gani. Shi ya sa na ce ki bari."

A raina na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma shi bai zauna ba. Ya ɗaga ƙafar injin daga ruwa, ya duba wasu 'yan ramuka kusa da farfela ko leda ko ciyawa ta toshe su, babu. Ya nuna wata 'yar ƙofa a gefe ya tambayi direba, "Da kuna tafiya, yana fitsari ta nan?" Direba ya ce da can yana yi, kwanan nan ya daina, shi har ya ji daɗi ya zaci yoyo ne ya toshe da kansa. Dattijon ya zura tsinke a ƙofar, ba komai. Sai ya ɗago ya dube shi.

"Ka taɓa tayar da shi a tudu?"

"Kullum da safe, Baba. Ba na fashi."

Dattijon ya ce, "Innalillahi! Ɗana, wannan ba babur ba ne, ba iska yake sha ba. Akwai wata 'yar roba a ƙafarsa da take tura masa ruwa sama. In ta juya a bushe ƙonewa take yi. Ƙishirwa ce ta kashe shi."

Na dubi ruwan da ya kewaye mu, abin ya ɗaure mini kai. Ƙanin mijina kuwa ya dafe kai ya fashe da kuka kamar yaro.

Dattijon ya ce, "Kukan ya jira. Miƙo jarkar can." Ya zubar da ruwan shanmu, ya yanke saman jarkar da wuƙa, ya huda gindinta, ya cusa tiyon da ake zuƙo mai da shi, ya naɗe da robar taya tam. Ya buɗe murfin injin, ya zare wani siririn tiyo, ya haɗa da nasa. Sannan ya ce tunda injin ba zai iya sha da kansa ba, ɗura za mu yi masa, amma sai jarkar ta fi shi tsawo, kuma kada ta karkata ko ta ƙafe. Shi zai riƙe tuƙi, direba zai riƙa ɗebo ruwa yana zubawa. Ya waiwayo ya ce, "'Yata, kin iya ɗaukar ruwa?"

Da ba a cikin tashin hankali nake ba da na yi dariya. Tun ban kai tsawon bakin rijiya ba nake ɗaukar ruwa, kuma ba aikin da na tsana kamarsa. Na sha yi wa innata kuka a kansa. Na naɗe mayafina na yi gammo, na hau buhu na zauna, aka ɗora mini.

Ya taɓa kan injin da bayan hannu, ya ce bismilla, ya ja igiya. Ja na farko shiru. Da ya sake sai ya kama. Muka fara tafiya a hankali, kamar tafiyar tsohuwa. Na ce ya ƙara wuta, ya ce ruwan da muke ba shi na tafiyar nan ne kawai. Lokaci-lokaci yakan sa hannu ta baya, inda hayaƙi ke fita, ya ji ko ruwan ɗumi na biyo shi. In ya ji sai ya ce, "Yana sha. Zuba!"

Jirgi yana tangaɗi, ruwa yana zubo mini a fuska da wuya, ba halin in sunkuya in dubi Malam. Da ƙafata kawai nake taɓa hannunsa, in ya matsa mini yatsa in san yana nan. Wuyana ya yi kamar zai karye, amma jarkar nan ko gezau. Jikina ne ya riƙa bin jirgin da kansa, irin yadda ya saba a hanyar rijiya. Da na ji katako ya gogi yashi, sai da aka ɓamɓare hannuna daga jarkar.

Aka samu mota a bakin dam. Malam ya yi kwanaki a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ma'aikacin da ya yi masa allura ya ce mun yi sa'a da ba mu ƙara jinkiri ba.

Bayan an sallamo shi dattijon ya zo har ƙofar gida da sifanoninsa. Na leƙo ta zaure ina kallo. Ya kwance ƙafar injin, ya ciro robar ya ɗora mini a tafin hannu: 'yar baƙar aba, fikafikanta duk sun guntule. Ya bi hanyoyin ruwan da waya yana zaƙulo guntayen, ya kankare baƙin da ya daskare a hanyar hayaƙi, ya canza abin da zafi ya cinye, ya sa sabuwar roba. Sannan ya sa aka ciko duro da ruwa, ya tsoma ƙafar injin a ciki kafin ya tayar. Da siririn ruwan nan ya tsarto ta gefe, mazan garinmu suka yi kabbara. Har yau in na ga ƙanin mijina nakan ce, "Direba, an ɗumama?" Sai ya rufe fuska.

Na daɗe ina juya abin a raina. Mai son injin ne ya kusa kashe shi da gata, don bai tambayi abin da yake rayuwa da shi ba. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne jarkar nan. Shekara da shekaru ina ƙorafin tulu, ashe wuyana ake shiryawa saboda rana guda. Tun daga nan na daina raina aikin da Allah ya ɗora mini, don ban san ranar da za a neme shi ba. Da Malam ya fara takawa, ruwan da ya fara alwala da shi ni na ɗauko daga rijiya, a kaina, kuma ban bari kowa ya taya ni ba.